Kowace Tukunya da Icenta

Matar da ta iya girki ba ta tambayar wane ice ne ya fi ƙarfi. Abin da ke cikin tukunya take dubawa tukuna. In ɗumamen tuwo ne, kara ya wadatar: ya kama nan take, ya yi balbal, ya mutu. In kuwa ganda ce ko waken taron suna, sai ta nemo kirya ko marke, icen da zai ci a hankali ya riƙe zafi har dahuwa ta kai. Wanda ya cusa damin kara a ƙarƙashin tukunyar ƙasa don sauri, gindi zai ƙone sama bai dahu ba, wani lokaci ma tukunyar ta tsage.

Wannan lissafin ne maharban Amurka suke yi sa'ad da suke ɗura harsasansu da hannu, abin da doka ta yarje musu a can. Bayan harbi ba sa yar da kwanson tagulla. Sai su wanke shi, su sauya 'yar hular da ke ƙyasta wuta a gindinsa, su auna albarushi su zuba, su dasa sabon kan harsashi. A cikin waɗannan, zaɓen albarushi ne ya fi cin tunani, domin iri-irinsa a kasuwa sun haura ɗari, kuma babban abin da ya bambanta su shi ne saurin cin wuta.

Albarushin zamani, marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884, ci yake yi kamar ice, sai dai cin nasa yana ƙarewa cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Iskar da ya haifar ita ke tura harsashi. A bindiga mai cin harsashin .30-06, wanda sojan Amurka suka ɗauka a 1906, matsin da aka amince da shi ya kai fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i. Abin da ake nema shi ne matsin ya hau a tsanake, ya daɗe yana turawa har harsashi ya kusa bakin bututu. Albarushin ƙaramar bindigar hannu, irin Bullseye, kara ne. A cika kwanson bindigar farauta da shi, zai cinye kansa tun harsashi bai gusa ba, ƙarfen ya tarwatse.

Girman kwanso, faɗin bututu da nauyin kan harsashi, su ne tukunyar da abin da ke cikinta. Harsashin .308 Winchester, na 1952, kwansonsa matsakaici ne, don haka yana jituwa da masu matsakaicin ci irin su Varget da IMR 4064, ko kuma N140 na kamfanin Vihtavuori na Finland. Shi kuwa .270 Winchester, na 1925, cikinsa babba ne, maƙogwaronsa siriri, sai mai jinkiri irin H4831. In aka je ga .300 Winchester Magnum na 1963, ana gangarawa har zuwa H1000, kiryar gaske. Ko a kwanso ɗaya, in kan harsashi ya ƙara nauyi sai a karkata ga mai jinkiri, tunda abu mai nauyi ba ya tashi da wuri. Mai jinkirin ma in ya wuce kima yana da nasa aibin: kwanso ya cika bai ba da gudu ba, saura ya fito bakin bindiga yana walƙiya a banza.

Akwai wani abu da nake ganin ya fi gudun harsashi muhimmanci ga maharbi, shi ne yanayi. Icen da ya yi ta hayaƙi da damina, da bazara kamar an zuba masa kananzir. Turawan Ingila sun sha wannan darasi da albarushinsu Cordite na 1889, wanda matsinsa kan hau a zafin Afirka da Indiya har kwanso ya maƙale a bindiga, ga ɓauna ta taso. Shi ya sa harsasai irin .416 Rigby na 1911 suka zo da ƙaton kwanso mai sauƙin matsi. Har yau wanda ya gwada ɗurinsa a sanyin Montana, ya ɗauke shi zuwa Namibiya ko Zimbabuwe, dole ya yi wannan tunani. Varget da H4350, da ake yi a Ostireliya, sun yi suna ne saboda ba sa sauya hali sosai tsakanin sanyi da zafi. Ni a ganina wannan ya fi ƙarin gudun da wasu ke kwana nema, domin harsashin da ya sauka inda aka auna shi ne ke kashe dabba nan take, ba ya barin ta ta shiga daji da rauni tana wahala.

Sai dai akwai inda murhu da bindiga suka rabu. Mai girki tana iya zare ice in wuta ta yi yawa, ta buɗe murfi ta ɗanɗana. Maharbi da ya ja kunama ba shi da wannan dama, kuma fuskarsa tana dab da inda wutar ke ci. Saboda haka babu kintace a wannan aiki. Kamfanoni irin su Hodgdon, Hornady, Nosler da Lyman suna buga littattafan awo da suka gwada da na'urar auna matsi, kuma awon da wani ɗan ƙaramin ma'auni mai suna giren ake yinsa, wanda sai an tara 7,000 ake samun fam ɗaya. Ana farawa daga mafi ƙanƙantar awo a littafin, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana duba kwanso: in hular gindi ta baje, ko sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, an wuce iyaka. Suna ma yana ruɗi. H4350 da IMR 4350 lambarsu ɗaya, amma kowanne da awonsa, ba a aron na wani a ba wani, kuma ba a taɓa gauraya iri biyu.

Wannan ya shafi maharbanmu ta fuska ɗaya. Bindigar toka da maƙera ke yi an ƙera ta ne don baƙin albarushi mai hayaƙi, wanda matsinsa kaɗan ne. Wanda ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa a cikinta, ko da ɗan kaɗan ne, bututunta ba zai ɗauka ba, kuma hannunsa da idonsa ne a wurin.