Amurka: ilimi ya yi yawa, amma takardar zama ta ƙi samuwa

A kasuwanninmu an sha jin uwa tana cewa ɗanta ya zama dokta a Amurka, zamansa can ya tabbata. Allah ya sa. Sai dai mutum yana iya shekara goma yana bincike a jami'a, ranar da ya nemi takardar zama ta dindindin, wadda ake kira girin kad, a mayar masa da dosiyensa.

Dokar 1990 ta ware biza 140,000 kowace shekara ga masu shiga ta hanyar aiki. Hukumar USCIS ce ke duba buƙatun, a kan takarda mai lamba I-140. Idan jami'a ce ta shigar wa malaminta, ana son ya yi shekara 3 yana koyarwa ko bincike, ya kuma cika sharuɗɗa 2 cikin 6. Wanda ya shigar da kansa a matsayin gwani na musamman, sai ya cika 3 cikin 10: lambobin yabo, rubuce-rubuce a mujallun kimiyya, tantance aikin wasu masana, da makamantansu.

To ina gizo ke saƙar? A 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci kan Poghos Kazarian, masanin kimiyya ɗan ƙasar Armeniya. Kotun ta ce hukumar ta yi kuskure da ta ƙara sharuɗɗan da babu su cikin doka, amma duk da haka bawan Allah ya faɗi shari'ar, don sharuɗɗa 2 kawai ya cika. Tun daga nan hukumar ke awo sau biyu. Da fari a ƙirga sharuɗɗa. Bayan haka jami'i ya dubi dosiyen gaba ɗaya, ya ce shin wannan mutum ya yi fice a fanninsa ko kuwa. A wannan awo na biyu ne mutane da dama ke zubewa, ko da ƙirgarsu ta cika.

Ƴan kasuwa za su gane abin da sauri. Cika rumfa da kaya daban, a san ka har Kano da Kwatano daban. Jami'in yana son ya ga masanan da ba su taɓa zama da kai ba suna ambaton bincikenka. Wasiƙar yabo daga malaminka, kamar uwa ce ta yabi tuwon ɗiyarta.

Ga kuma kuɗi. A 2024 kuɗin shigar da takardar ya zama dala 715, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta cefane ba, wato wajen jika 400 na sefa, ban da ladan lauya. In an ƙi, ba a mayarwa. Galibi kafin ƙin akan aiko da wasiƙar neman ƙarin hujja, bayansa kuma mutum na da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, ko ya sake sabon dosiye.

A ganina, iyaye su daina ɗaukar wannan ƙi a matsayin yaro ya yi wasa da karatu. Kuma duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi zai gyara, ƙarya yake yi. Balle a watan Disamba na 2025 shugaba Trump ya sanya Nijar, Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka hana ƴan ƙasarsu shiga Amurka. Wanda ɗansa ke can, kafin ya matsa masa ya zo gida salla, ya bari yaron ya tambayi lauya ko zai iya komawa.