Lissafin Da Ke Bayan Awon Yara A Asibiti

Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta awo ta ga yadda ma'aikaciyar lafiya kan gwada tsayin yaro da nauyinsa, kana ta duba wani jadawali kafin ta ce uffan. Abin da take nema a jadawalin nan shi ne makin z, watau adadin da ke nuna nisan da yaro ya yi daga matsakaicin tsararrakinsa.

Asalin lissafin ya daɗe. A shekarar 1846 wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya yi nazarin awon ƙirjin sojojin Sikotilan su 5,738. Ya tarar yawancinsu sun taru kusa da inci 40, masu faɗin ƙirji da masu ƙanƙantarsa kuwa sai raguwa suke yi ta kowane gefe. In aka zana wannan a takarda, sai ya fito kamar kifaffiyar ƙwarya. Shi ne masana ke kira daidaitaccen rabo.

Abu biyu ke riƙe da wannan rabo: matsakaici, da kuma ma'aunin kaucewa, wanda ke nuna yadda mutane suka warwatsu daga tsakiya. A wurin sojojin nan ma'aunin kaucewa kimanin inci 2 ne. To, don a sami makin z, sai a ɗebe matsakaici daga awon mutum, a raba abin da ya rage da ma'aunin kaucewa. Sojan da ƙirjinsa ya kai inci 43 ya ɗara matsakaici da inci 3. In aka raba 3 da 2, makinsa ya zama 1.5. Jadawali ya nuna kashi 93 cikin ɗari na ƙasa da wannan maki, saboda haka in aka ɗauko soja da ka, yiwuwar ya fi inci 43 kimanin 7 ce cikin ɗari.

Ƙa'idar ba ta sakewa, ko me aka auna, muddin rabon daidaitacce ne. Kimanin kashi 68 cikin ɗari na tsakanin maki -1 da +1, kashi 95 kuma na tsakanin -2 da +2.

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin girman yara, bayan ta auna yara kusan 8,500 a Gana, Indiya, Oman, Norwe, Birazil da Amurka. Yaron da makin tsayinsa ya gaza -2 bisa shekarunsa, ana lissafa shi cikin tsumburarru. Wanda makin nauyinsa ya gaza -3 bisa tsayinsa kuwa, tamowa ce mai tsanani, sai magani ba da jinkiri ba.

Amfanin lissafin ga hukuma a fili yake. A cikin yara 1,000 masu ƙoshin lafiya, kimanin 23 ne kaɗai za su faɗa ƙasa da -2, domin gajarta ta halitta. Idan kuwa aka auna yaran wata gunduma aka sami ɗaruruwa cikin dubu, lalle ba gado ba ne. Alama ce ta ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan cuta, kuma nan ya kamata a fara kai agaji.