Yadda Tayin Apple Ya Kasa Ceto Rukunin Wasannin Jami'o'i Na Pac-12

A farkon watan Agustan 2023 shugabannin jami'o'in rukunin Pac-12 da ke yammacin Amurka suka duba wani tayi daga kamfanin Apple. Kamfanin yana son sayen haƙƙin nuna wasanninsu, musamman ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, amma ta manhajarsa ta Apple TV za a riƙa kallo. Rahotanni sun ce kowace jami'a za ta samu kusan dala miliyan 25 a shekara, kuɗin kuma zai ƙaru idan masu biyan kuɗin kallo sun yi yawa.

Ranar 4 ga watan, jami'o'i biyar suka ce sun tafi. Oregon da Washington suka nufi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12. Rukunin da ya samo asali tun 1915 ya watse, aka bar Oregon State da Washington State su kaɗai bayan Stanford da California sun koma ACC.

Rukuni, a tsarin Amurka, ƙungiya ce ta jami'o'i da ke karawa da juna, suna sayar da wasanninsu ga gidajen talabijin a dunƙule. Wannan kasuwa ta buɗe ne a 1984, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta hana hukumar NCAA riƙe haƙƙin nuna wasannin ita kaɗai.

Tun daga nan lissafin ya koma na masu kallo. Big Ten ya kafa tasharsa a 2007 tare da Fox, kuma a 2014 ya ɗauki Rutgers da Maryland. Ba don ƙarfin wasansu ba ne. Suna kusa da New York da Washington, inda miliyoyin gidaje ke biyan kuɗin talabijin na kebul, kuma tasha tana samun rabonta daga kowane gida ko da babu mai kunna ta. Pac-12 ya buɗe tasa tashar a 2012 ba tare da babban abokin hulɗa ba, ta kasa shiga DirecTV har ta mutu.

A Yunin 2022 USC da UCLA, duka a Los Angeles, suka sanar da komawa Big Ten. Ba a yi wata biyu ba rukunin ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC, ta sama da dala biliyan 7. ESPN kuwa ya riga ya riƙe SEC, wanda Texas da Oklahoma suka shiga a 2024. Big 12 ya yi sauri ya sabunta tasa da ESPN da Fox a Oktoban 2022, Pac-12 ya tsaya jiran farashi mai tsoka har kasuwa ta tashi.

Ana iya cewa Apple ya hango inda duniya ta dosa, don gidajen Amurka na ta yanke kebul. Sai dai jami'ar da ke da albashin masu horarwa da bashin filin wasa a wuya ba ta tsara kasafi a kan masu rajistar da ba su zo ba tukuna.

Yanzu Big Ten, mai sunan goma, jami'o'i 18 ne a cikinsa, kuma 'yan wasan ƙwallon raga na UCLA kan yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey don karawa da Rutgers, su dawo su shiga aji.