Mai Ƙera Bututun Hayaƙi a Ƙasar Shinkafa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, manoman Kura da Bunkure da Garun Malam suka daina jiran damina. Rani da damina ana noma, musamman shinkafa. Ita kuwa shinkafa yawanci ba ta shiga kasuwa sai ta bi ta wuta: a jiƙa shanshera, a turara ta a manyan tukwane, a shanya, sannan a kai inji. Mata ne ke yin yawancin wannan aikin gumi a cikin gidaje, da itace da kara da ɓuntu, ga girkin gida yana jiransu a murhu na biyu. Duk wanda ya leƙa irin wannan ɗakin girki zai ga kunkunniya ta rufe azara, idon mai aiki ya kaɗa ya yi ja, ɗan da ke goye a bayanta yana tari.

A nan ne mai ƙera bututun hayaƙi yake da amfani. Ba shi da wani shago na daban. Mai walda ne ko mai aikin kwano, wanda ke haɗa ƙofa da taga da kaskon gawayi, sai in an kira shi ya haɗa wa murhu rumfar ƙarfe mai faɗin baki da siririn wuya, ya ɗora mata bututun da zai ɓulla ta rufi. Kayan aikinsa ba su da yawa: almakashin yankan kwano, guduma, ma'auni, injin walda, da janareto don ranar da babu wuta.

Gwani ba ya yanka ƙarfe sai ya je gidan. Zai nemi izinin maigida ya shiga, ya gaida uwargida, ya roƙe ta ta hura wuta kamar yadda ta saba, ya tsaya ya ga inda hayaƙin ke bi. Da haka yake sanin faɗin rumfar, domin dole bakinta ya zarce murhun ta kowane gefe. Da haka kuma yake sanin tsayin da zai rataye ta. In ta yi sama da yawa, hayaƙi ya watse kafin ya iso ta. In ta yi ƙasa, sauke tukunya ya zama wahala, goshin mai girki ya riƙa bugun ƙarfe.

Sirrin aikin yana cikin abin da suke kira ja. Iska mai zafi sama take yi, don haka miƙaƙƙen bututu mai tsayi shi ke jan hayaƙi, kowace kwana kuwa rage masa ƙarfi take. Kansa ya wuce tsororuwar rufi, in ba haka ba iskar hunturu ta mayar da hayaƙin cikin ɗaki. A sa masa hula saboda ruwan sama. Sai abin da masu gida suka fi mantawa: hayaƙi ba zai fita ba sai wata iskar ta samu hanyar shigowa. Shi ya sa maƙerin kirki zai dage sai an buɗe ƙaramar taga ko kafa a ƙasan bango, ko da maigida na ganin ɓata gini ne.

A Kano ana sayar da na'urar zuƙar hayaƙi ta ƙasar waje, mai fanka da fitila, yawanci faɗin santimita 60 ko 90. Tana da kyau a kicin mai murhun gas, in akwai wutar lantarki. Amma wasu daga cikinsu tace maiƙo kawai suke yi, su dawo da iskar cikin ɗaki. A kan murhun kara da ɓuntu, ba su da abin yi. Bututun maƙeri kuwa ba ruwansa da NEPA.

Sana'ar tana da masu ɓata ta. Akwai mai sa siririn kwano don ya rage kuɗi, tsatsa ta cinye shi nan da nan. Akwai mai barin bututu ya jingina da azara ko katakon rufi, wanda kiran gobara ne. Mafi muni shi ne yanka tsohon duron da ba a san me ya taɓa ɗauka ba, a yankin da maganin feshi ya cika gonaki. Shi kansa maƙerin yana cikin haɗari: hayaƙin da ke tashi in ana walda a kan farin kwano yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, gilashin ido kuma yara masu koyo ba kasafai ake ba su ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a 2020. Bututu ba ya raba mace da hayaƙi gaba ɗaya, amma yana fitar da kaso mai yawa daga inda take numfashi, muddin ana kakkaɓe masa kunkunniya a kai a kai.

Magidantan Kura da Bunkure, in an sayar da shinkafar bana, kafin a yi maganar sabon babur, a kira maƙeri ya duba ɗakin girki, kuma a bar uwargida ta nuna masa inda hayaƙin ke damunta.