Kasuwar da Mai Saye Ɗaya Ne

Duk wanda ya saba da kasuwa ya san abin da ke kare mai saye daga zaluncin mai sayarwa, wato yawan rumfuna, domin idan wannan ya tsauwala sai a matsa gaba. To, amma akwai wata kasuwa a Amurka, ta jiragen yaƙi da makamai masu linzami da taurarin ɗan'adam, wadda wannan ƙa'ida ba ta ratsa cikinta, saboda babban mai saye ɗaya ne, Ma'aikatar Tsaro, kuma ko ƙasashen waje ba su saye sai da izinin hukuma. Manyan masu sayarwa kuwa biyar ne rak: Lockheed Martin, Boeing, Northrop Grumman, General Dynamics, da Raytheon wanda yanzu ake ce wa RTX.

Ba haka al'amarin yake ba tun asali. Bayan rushewar daular Sobiyet, da kuɗin tsaro ya ragu, sai mataimakin sakataren tsaro, William Perry, ya zauna da shugabannin kamfanonin a wata liyafar dare cikin 1993, ya shaida musu ba tare da kwana-kwana ba cewa baitulmali ba zai iya ɗaukar nauyinsu duka ba, saboda haka mai son ya wanzu sai ya nemi abokin haɗewa. Suka ji, suka bi. Northrop ya saye Grumman a 1994, Lockheed da Martin Marietta suka zama ɗaya a 1995, Boeing ya haɗiye McDonnell Douglas a 1997, har sai da Lockheed ya miƙa hannu zai lanƙwame Northrop, sa'an nan hukuma ta farga ta hana a 1998. Ita kanta Ma'aikatar ta yi iƙirari a 2022 cewa manyan 'yan kwangilarta, da suke 51 a da, sun koma 5.

Alal misali, dubi jirgin F-35. A 2001 aka yi takara tsakanin Lockheed da Boeing, Lockheed ya yi galaba, kuma tun daga ranar babu sauran takara, domin wanda ya ƙera jirgi shi ke riƙe da sirrinsa, shi ke kawo kayan gyara, shi za a koma wa shekaru da dama, ko an ji daɗin farashinsa ko ba a ji ba. Wata hikimar kuma, wadda a ganina ta fi ƙirar jirgin kanta wayo, ita ce rarraba aikin ga ƙananan kamfanoni a kusan dukkan jihohin ƙasar, ta yadda ɗan majalisar da ya ce a soke shi, lalle abincin mutanen mazaɓarsa ya taɓa.

Adalci ne a faɗa cewa ba kullum kamfanonin ke cin riba ba. Kwangila iri biyu ce: wadda hukuma ke biyan duk abin da aka kashe ta ɗora lada a kai, da wadda ake yanke farashi tun farko, hasara ta hau kan ɗan kwangila. Boeing ya karɓi irin ta biyu a 2011 don jirgin KC-46 mai shayar da wasu jirage mai a sararin sama, ya yi ta tafka hasara har ta haura dala biliyan 7. Duk da haka hukuma ba za ta so ya durƙushe ba, don idan ya faɗi, wa ya rage?

Shugaba Eisenhower, wanda shi kansa janar ne, ya gargaɗi jama'arsa a jawabin bankwanarsa na 1961 game da irin wannan cuɗanya ta soja da masu masana'antu, kuma zamani ya gaskata shi: James Mattis daga hukumar daraktocin General Dynamics ya zama sakataren tsaro a 2017, Lloyd Austin kuma daga ta Raytheon a 2021. Wannan halal ne a dokarsu. Abin da aka haramta shi ne rashawa ga mahukuntan ƙasashen waje, shi ma sai a 1977, bayan asirin rashawar da Lockheed ya bayar ya tonu har aka kama tsohon firaministan Japan, Kakuei Tanaka, a 1976.