Tayar da ba ta sacewa sai ta hau titi

Ranar Juma'a aka ba tayata ta baya iska, geji ya tsaya a kan 32. Motar ta kwana biyu a gida ba wanda ya taɓa ta. Da yammacin Lahadi na auna, iskar tana nan yadda aka ba ta. Ranar Litinin na je Zariya na dawo Kano, na sake aunawa, sai na ga 24.

Abin ya ɗaure mini kai. A sanina, tayar da ta ɓule sacewa take yi ko motar tana tafiya ko tana ajiye. Wannan kuwa tana riƙe iska a gida, sai ta hau kwalta ta saki. Sau uku hakan na faruwa cikin kwana goma, kuma da motar nan nake kai yara makaranta.

Zargina na farko ya faɗa kan bawul. Yaron da ke faci a bakin layinmu ya lakato miyau ya shafa a bakinsa, muka zura ido, ko ƙwayar kumfa ba ta tashi ba. Duk da haka na ce a canza shi, tunda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Bayan kwana biyu iska ta sake raguwa. Sai muka koma kan rim, domin tayar da ba ta da tib a ciki, iskarta tana riƙe ne a inda leɓen roba ya manne wa ƙarfe, tsatsa ko lotsewa kaɗan kuwa sun isa su buɗe mata hanya. Aka kankare, aka mayar, aka tsoma tayar a bahon ruwa ana juya ta a hankali. Ruwa shiru.

Akwai abin da na sani amma na cire shi daga lissafi. Mako uku kafin nan na taka ƙusa a hanya, wani mai faci ya zare ta, ya cusa irin igiyar robar nan mai danƙo daga waje, ya yanke kanta, bai ko raba tayar da rim ba. Wurin yana kan layin zane na ƙarshe, dab da inda taya ke fara gangarawa zuwa gefe. Mun zuba masa ruwan omo ya fi a ƙirga, bai taɓa yin kumfa ba, shi ya sa na wanke shi daga zargi.

Wani direban tasha ne ya tura ni wurin wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Na gaishe shi, na zayyana masa komai. Bai taɓa tayar ba sai da ya yi mini tambaya.

"Ɗana, duk gwajin nan da kuka yi, tayar tana jikin mota ko a ƙasa?"

"A cire take, Baba. Wani lokacin kuma motar tana kan jak."

"To ai ba ta ɗauke da kaya ke nan. Ruwa ba ya tsami banza. Mu tambaye ta tana ɗauke da kayanta."

Ya sa na tuƙa motar taku kaɗan-kaɗan yana daga tsugune, har wurin facin ya sauko ya kusa taɓa ƙasa, daidai inda taya ke yin ciki saboda nauyi. Ya ɗaga hannu na tsaya. Ya zuba ruwan omo. Ƙananan kumfa suka fara fitowa a jere daga gindin igiyar, sirara kamar ƙwan kifi. Ya ce in ƙara gaba taku biyu. Wurin ya hau sama, roba ta miƙe, kumfar ta ɗauke.

Rabin amsar ke nan. Ramin yana buɗe baki idan wurin ya lanƙwashe, ya rufe idan ya miƙe. A gida, in dai ba a yi rashin sa'a motar ta tsaya a kansa ba, babu abin da zai fita. A kan titi kuwa kowane juyi sai ya buɗe. Taya mai lamba 195/65 R15 irin tawa, zagayenta ya kusa mita 2, wato tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita. A gudun kilomita 100 cikin sa'a, wurin nan yana lanƙwashewa ya miƙe kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya.

Na ce to a cire igiyar a manna faci mai kyau daga ciki. Baba ya ce a buɗe tukuna. Da aka raba tayar da rim, ya juya cikinta wajen hasken rana ya ce in leƙa. Ƙusar ashe a karkace ta shiga. Daga waje bakin ramin yana kan zane, amma daga ciki ya ɓullo kusan faɗin yatsa ɗaya can wajen gefe, a kafaɗar taya. Ya shafa tafin hannunsa a cikin, ya nuna mini baƙin garin roba ya manne masa. Ya ce wannan shaidar tafiyar da ta yi ne da ƙarancin iska, gefen ya yi ta murzuwa da zafi har fatar ciki ta fara cinyewa.

Daga nan ya jawo wata tsohuwar taya da ya yanka gida biyu, da alama don irin wannan bayani yake ajiye da ita. A fuskar da ke taka ƙasa, ƙarƙashin zane, ga shimfiɗar wayoyin ƙarfe kwance kan juna kamar ɗamara. Na danna wurin da babban yatsa, ko motsi. Ɗamarar tana zuwa kafaɗa sai ta ƙare. Daga nan har leɓen rim babu komai sai roba mara kauri da zaruruwa jere da suka taso daga wannan leɓe zuwa wancan. Na matsa gefen da yatsu biyu, ya lanƙwashe kamar fatar takalmi.

Wannan ƙira ita ce harafin R ɗin da ke jikin lambar taya yake nufi, kamfanin Michelin na Faransa ne ya yi rajistar fasaharta a 1946, kuma kusan duk ƙananan motocin yau ita suke takawa. Da gangan aka bar gefen da taushi domin ya shanye gargada. Faci kuwa yana son wuri mai faɗi da ba ya motsi. A tsakiya yana samun haka, ɗamarar waya tana riƙe masa wurin. A kafaɗa wurin a lanƙwashe yake, ga zafi, ga bakin wayoyin da ke motsi, sai gefen facin ya fara ɗagowa. A gefe kuma matsalar ta wuce ta iska, domin zaren da ƙusa ta tsinka shi ne ƙashin tayar, kuma gam ba ya ɗinke zare. Abin da ke biyo baya shi ne ƙulu ya fito, wata rana ya fashe ana tsakiyar gudu.

Abin da Baba ya nuna mini da hannu, shi ne ƙa'idar da masu ƙera taya suka rubuta. Ƙungiyarsu ta Amurka ta ce ba a gyara sai hujin da ke kan fuskar taya, wanda faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, a raba tayar da rim a duba cikinta, a toshe ramin sannan a manna faci daga ciki. Igiya kaɗai daga waje ba su ɗauke ta gyara ba. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS AU 159 ita ma ta tsayar da facin yau da kullum a tsakiyar fuskar taya.

Na yi ƙoƙari na ƙarshe, domin kuɗin taya a yanzu ba wasa ba ne.

"Baba, in aka sa mata tib fa?"

"Tib iska zai riƙe maka, ɗana. Ba zai mayar da zaren da ya tsinke ba. Ga masu yi nan da yawa, ni dai ba da hannuna ba, tunda ka ce yara kake ɗauka."

Na san mutane da dama sun yi irin facin nan sun yi watanni suna yawo lafiya, kuma na san halin da ke sa mutum ya yi. Amma na ga cikin tayata da idona, kuma a ganina Baba ya yi gaskiya. Aka ɗaura safaya, washegari na sayi wata.

Mai karatu, idan ƙusa ta shiga tayarka kusa da gefe, kada ka yarda a cusa mata igiya daga waje a sallame ka. Ka ce a buɗe, ka leƙa da kanka ka ga inda ramin ya ɓullo daga ciki. In yana tsakiya ƙarƙashin ɗamarar waya kuma ƙarami ne, a yi faci ka ci gaba da tafiyarka. In ya faɗa kafaɗa ko gefe, ka sauke tayar nan.