Ɓera a Tirelar Shaƙatawa: Toshe Kafa Ya Fi Guba da Turare

A Amurka da Kanada akwai miliyoyin iyalai da suka mallaki tirelar shaƙatawa, wato ɗaki mai taya da ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa daji ko bakin tafki lokacin hutu. A cikinsa akwai gado, kicin, firiji, makewayi da tankin ruwa, kuma mafi yawan irin waɗannan ɗakuna a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Aikinsu na 'yan watanni ne. Da zarar Oktoba ta kama, sanyi ya kunno kai, sai mai tirela ya zuƙe ruwan bututu don kada ya daskare ya fasa su, ya kulle ƙofa, ya ajiye ta a bayan gida ko a filin haya, sai kuma Afrilu ko Mayu.

Matsalar ita ce, a daidai lokacin da mutum yake kwashe kayansa, a lokacin ne ɓeran daji yake neman inda zai ci hunturu. Tirelar da aka ajiye kuwa ta haɗa duk abin da yake so: rufi, duhu, shiru, katifa mai laushi, da ɗan ragowar biskit a ƙarƙashin kujera. Kasuwa cike take da magungunan kora, amma abin da ya tabbata shi ne, wanda bai toshe kafar shiga ba bai yi komai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙaramin jiki, babbar ɓarna

Ɓeran gida yana iya kutsawa ta ramin da faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, kimanin kaurin fensir. Muddin kansa ya shiga, sauran jikin zai bi. Babban ɓera kuma ramin milimita 12 ya ishe shi. Ɓeran gida yana hawa taya, yana bin wayar lantarki, yana tsallen da ya kai santimita 30. Mace tana ɗaukar ciki na kwana 19 zuwa 21, ta haifi 'ya'ya biyar ko shida a kai a kai, su kuma cikin mako shida sun isa haihuwa. Don haka biyun da suka shiga a Nuwamba, kafin a buɗe ƙofa a Afrilu sun zama zuriya.

Haƙoran gabansa ba sa daina tsawo har ya mutu, shi ya sa gurgura ta zame masa dole, ko yana jin yunwa ko ba ya ji. A cikin tirela abin da ke gabansa shi ne robar waya, bututun ruwa na roba, soson kujera da audugar da ake cusawa tsakanin bango don tare sanyi. Wayar da aka feƙe wa riga tana iya haddasa gobara ranar da aka jona wuta. Bututun da aka huda ba a ganewa sai an cika tanki, ruwa ya jiƙa katakon daɓe. Fitsarinsa kuma idan ya ratsa audugar bango, zarnin ba ya fita sai an ɓalle allon an sauya ta. Ɓera ɗaya yana zubar da ƙwayar kashi fiye da hamsin a rana, a kan gado, cikin durowar cokula, da kan murhu.

Inda yake bi

Mai neman kafar ɓera sai ya kwanta rigingine a ƙarƙashin tirela da tocila a hannu. A masana'anta akan huda daɓe don a zura bututun ruwa, na gas da wayoyi, kuma sau da yawa ramin ya fi bututun faɗi. Wannan ɗan giɓin da ke kewaye da bututu shi ne babbar ƙofa. Sai ƙaramin murfin da wayar lantarki ke fitowa ta cikinsa, sai bakin taya, sai robar da ke kewaye da ɓangaren ɗakin da ake turowa waje don ƙara fili, wadda kan bushe ta tsattsage da tsufa. A ciki ma a buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a zaro durowoyi, a leƙa bayan masai.

Akwai wata dabara mai sauƙi. Da dare a kunna fitila mai haske a cikin tirela, a buɗe duk kabad, mutum ya fita ya duba ta ƙasa. Duk inda haske ya ɓullo, nan ne wurin aiki.

Abin toshewa ma sai an zaɓa. Kumfar nan da ake fesawa ta kumbura ta bushe, ita kaɗai ba ta tare ɓera, gurgure ta yake yi ya wuce. Ana fara cusa soson ƙarfe ko ragar tagulla a ramin a danna sosai, sannan a bi da kumfa ko danƙo don ya zauna. Tagulla ta fi, domin ba ta tsatsa. Babban rami kuwa sai ragar waya mai ƙananan idanu ko falle na ƙarfe da kusoshi.

Amma akwai kafofin da toshe su haɗari ne: mafitar hayaƙin injin ɗumama ɗaki, ta tukunyar ruwan zafi da ta firijin gas. Idan aka liƙe su aka manta, gurɓatacciyar iska marar wari za ta taru a ɗaki, ita ce kuma ke kashe mutane cikin barci. Waɗannan ana sa musu ragar da aka ƙera musamman dominsu, wadda ke barin iska ta wuce.

Kafin a juya makulli

Bayan toshewa sai kwashe duk abin da zai ja hankalin baƙo. Abinci kaf ya fita, har da gishirin miya, ganyen shayi, abincin kare da alewar da yara suka jefa bayan kujera. Kwali da leda ba sa tare haƙori. A goge maiƙon murhu, a wanke firiji a bar ƙofarsa a buɗe kaɗan don kada ya yi fumfuna. A kwashe takardar goge hannu, tawul, barguna da matasan kai, domin da su ake shimfiɗa sheƙa. Abin da ba za a ɗauke ba a zuba shi cikin akwatin roba mai kauri da murfi mai kamawa.

Wurin ajiya shi ma yana da tasiri. Daɓen siminti ko tsakuwa ya fi ciyawa. A nisanci tarin itace, juji, rumbun hatsi da reshen bishiyar da ke taɓa rufi. A naɗe wayar lantarki a mayar ciki, kada a bar ta tana jan ƙasa. Wasu kan kewaye tayoyi da ƙafafun tirela da falle na ƙarfe mai santsi, wanda tsayinsa ya wuce tsallen ɓera.

Daga nan sai tarko. Tarkon nan na katako mai falle har yau babu kamarsa. A shafa masa 'yar markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a ɗana shi a gindin bango, bakinsa na fuskantar bangon, saboda ɓera ba ya son ratsa tsakar ɗaki, gefe-gefe yake bi. Tarko yana aiki biyu: yana kama wanda ya shigo, yana kuma shaida wa mai tirela cewa akwai ramin da bai gano ba. Shi ya sa ake leƙawa duk bayan mako ɗaya ko biyu.

Abubuwan da ake kashe wa kuɗi a banza

A tsakanin masu tirela kowa da laƙaninsa. Wani man na'ana'a a auduga, wani sabulu mai ƙamshi, wani takardar ƙamshin wanki. Ƙamshi yana gushewa cikin 'yan kwanaki, ɓeran da sanyi ya koro kuma ba ƙamshi ne zai mayar da shi waje ba. Sau da yawa akan tarar ya gatsi sabulun, ya yi sheƙa da takardar. Na'urorin da ake cewa suna fitar da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji su ma haka: a 2001 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta aika wa kamfanoni sama da 60 masu ƙera su ko sayar da su takardar gargaɗi cewa sai sun kawo hujjar kimiyya kan abin da suke tallatawa.

Ƙwayoyin kafur da ake sa wa tufafi saboda asu ba don ɓera aka yi su ba. Tururinsu yana ratsa katifa, yana da illa ga mutum, musamman jarirai, waɗanda yakan jawo wa wasunsu fashewar ƙwayoyin jini da shawara. Guba kuma tana da nata aibin. Yawancinta tana ɗaukar kwanaki kafin ta kashe, sai ɓeran ya shige cikin bango ya mutu inda hannu ba ya kaiwa, wari ya zauna. Idan a waje ya faɗi, kyanwa, kare ko mujiya ta cinye shi, ita ma gubar ta kama ta.

Ƙananan baƙi

Ba ɓera kaɗai ba ne. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a cikin bututun hayaƙi, rina kuma ta rataya sheƙarta a bayan murfin firiji. Gizo-gizo yana saƙa a cikin siririn bututun da gas ke bi zuwa wurin kunnawa, sai wuta ta ƙi kamawa ko ta riƙa ci ja da hayaƙi maimakon shuɗiya. Kada a raina shi: a 2011 kamfanin Mazda ya janye dubban motoci ƙirar Mazda6 a Amurka saboda wani gizo-gizo da ke saƙa a bututun shaƙar iska na tankin mai, aka kuma maimaita a 2014. Kiyashi da kyankyaso kuwa zaƙi da laima ke kiransu. Tsafta, bushewa da ragar waya sun isa maganin yawancinsu.

Ranar buɗewa: a ajiye tsintsiya

Nan ne maganar ta wuce ta dukiya ta koma ta rai. Idan mutum ya buɗe ƙofa ya ga kashin ɓera, abin da zai fara faɗo masa shi ne shara. Wannan kuwa shi ne mafi haɗari. Wani ɓeran daji na Arewacin Amurka, mai farin ciki da manyan idanu, yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta-bairos a fitsarinsa, kashinsa da yawunsa. Idan suka bushe aka tayar da ƙura, mutum ya shaƙa, cutar ta shiga huhu.

An gano ta a 1993 a yankin da jihohin Arizona, Niyu Meziko, Kolorado da Yuta suka haɗu, bayan da matasa majiya ƙarfi, da yawansu 'yan ƙabilar Nabaho, suka riƙa mutuwa da sarƙewar numfashi. Ruwan sama mai yawa ne ya kawo yalwar abinci, ɓeraye suka ninka. A 2012 mutum 10 da suka ziyarci gandun shaƙatawa na Yosemite a Kalifoniya suka kamu, uku suka rasu. Kusan dukkansu sun kwana a wasu tantuna masu bango biyu, kuma a tsakanin bangayen ne ɓeraye suka yi sheƙa cikin abin tare sanyi, irin ginin da bangon tirela yake da shi. A Fabrairun 2025 cutar ce ta kashe Betsy Arakawa, matar ɗan wasan fim Gene Hackman, a Santa Fe. Cutar tana farawa da zazzaɓi da ciwon jiki mako ɗaya zuwa takwas bayan shaƙa, sannan ruwa ya cika huhu. Cikin mutum uku da ta kai ga huhunsu, kusan ɗaya ba ya tashi.

Hanyar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta shimfiɗa ita ce: a buɗe ƙofa da tagogi, a fita, a bar iska ta ratsa na minti 30. A sa safar hannu ta roba. A haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara, a fesa wa kashin da sheƙar har su jiƙe sharkaf, a jira minti biyar, a kwashe da takarda a ƙulle cikin leda, a sake sa ta a wata ledar. A goge daɓe da kan teburi da ruwan bilic, a wanke zannuwan gado da ruwan zafi, a wanke hannu da sabulu bayan cire safa. Ba shara, ba injin zuƙe ƙura, sai komai ya jiƙu da magani. Wanda zazzaɓi ya kama bayan irin wannan aiki ya garzaya asibiti, ya kuma faɗa wa likita cewa ya taɓa wurin ɓera.

Wannan darasi bai tsaya a Amurka ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, ya fi kuma tsananta da rani. Motar da aka jingine wata da watanni, shagon kwantena da aka rufe, ko ɗakin ajiyar da aka daɗe ba a buɗe ba, ƙa'idarsu ɗaya da ta tirela. Kafin a rufe, a kwashe abinci a toshe kafa. Bayan an rufe, a riƙa leƙawa. Ranar da za a buɗe kuma, a fara da iska da ruwan bilic kafin hannu ya kai ga tsintsiya.